Rabo da Injin da Ya Sha Koko

Rabo ɗan ƙanen mijina ne, kuma duk Kurfi babu wanda ya kai shi iya gatari. Shekara ashirin yana saran itace lafiya lau, sai bayan babban fari ya tafi Dutsin-Ma ya dawo da tsohon injin yankan itace a kafaɗa. Daga ranar ya ba da gatarinsa kyauta, wai shi ya wuce nan.

To ni ina da wani gawo da ya karkato kan ɗakina, gindinsa duk gara. Na ce, "Rabo, ka kayar min da shi kafin iskar damina."

Ya ce, "Inna, aikin minti biyar ne."

Ya ja igiya, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya ja har azahar, muna zaune muna kallo. Washegari ya kai shi wurin Kefas, bakaniken da ke gyaran babura a Dutsin-Ma. Kefas ya wanke masa kafireta, wato wurin da fetur ke haɗuwa da iska, ya ce datti ne, ya riƙa tace mai kafin ya zuba. Rabo kuwa akwai bin umarni. Ya tace, ya zuba, inji ya sake mutuwa.

Sau huɗu ana wannan zirga-zirga. A na biyar na bi shi da kaina, tunda ni ce ke kwana ƙarƙashin gawon.

Kefas ya kwance kafireta, ya tsokano wani farin abu da allura, ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Malam Rabo, da me kake tace man nan?"

"Da ƙyallen Rahmatu mana, matata. Wanda take tace koko. Duk gidan babu mai kyansa."

"Gasara ce fa cike da injinka!"

Na ce, "Dama masa, Kefas, ka sa sukari, ƙila ya tashi."

Ashe wata guda ke nan gidan Rabo suna shan koko mai warin fetur, shi yana cewa sabon gero ne.

Kefas ya wanke, ya hura, ya murɗa 'yan kusoshi, ja ɗaya inji ya kama ruri. Sai Rabo ya rantse ba zai kashe shi ba sai a gindin gawo, kada ya canza ra'ayi a hanya. Haka muka shiga motar Kurfi da shi a kunne. Mata suka dire da kajinsu. Direba ya mayar da Rabo can saman kaya, yana rungume da abinsa, ni ina ƙasa hayaƙi na shiga min hanci.

Mun iso ƙofar gidana, ya ɗaga shi, ya yi bisimilla, mai ya ƙare.

Ya ce gobe zai koma ya sayo. Da la'asar hadari ya taso. Ina tsaye a tsakar gida gawo ya kwanta kan ɗakina, har da randa da gadon kara.

Ban yi kuka ba. Na ɗauki tabarmata na nufi gidan Rabo, na zaɓi ɗakinsa, don ya fi iska. Shi ya koma zaure. Shekara goma sha ɗaya na yi a ciki, kullum da safe yana zuwa gaishe ni, yana tambaya ko akwai abin da nake buƙata.