Anti Mairo da Jinin Matan Zungur

Anti Mairo ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye gaban madubi ina ɗaura ɗankwali zan fita ofis. Mista Yohanna ne ya kira, shugaban ɗakin gwaje-gwajenmu. Ko gaisuwa bai yi ba, shi da yake iya cinye minti biyar yana tambayar mutum gida da gajiya. Ya ce, "Dakta, Mama ta tafi. Bayan sallar asuba." Na ce wace Mama? Alhali na sani. Mutum ɗaya yake kira haka a duk faɗin Bauchi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai ta makwancinta kafin azahar. Yanzu na dawo daga gidan a Wunti, ko hijabi ban cire ba. Na so in rubuta abin da aka saba rubutawa, mutuniyar kirki ce, ba ta da abokin faɗa, in sa hotonta in yi shiru. Duk gaskiya ne. Amma abin da na ji a gidan nan yau ba zai bar ni in tsaya nan ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Anti Mairo ma'aikaciyar lafiya ce. Ta yi shekaru tana awon ciki da rigakafin yara a ƙauyukan da ke kewaye da Bauchi har ta yi ritaya. A yankin Zungur da wuya ka shiga gidan da ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Mahaifiyarta ma 'yar can ce, don haka biki da suna da zaman makoki duk da ita ake yi.

Na san ta ne bayan korona, lokacin da ƙasashen waje suka tsorata suka buɗe bakin jaka, kowa na son ya san cutar da za ta ɓullo gaba tun kafin ta ɓullo. Wata gidauniya daga can ta ba mu tallafin bincike kan zazzaɓin Lassa, wanda ɓeraye ke yaɗawa, aka ɗora ni a kan aikin na nan Bauchi. Sabuwar dakta ce ni lokacin, kai cike da Turanci, ga farar mota, ga kwamfuta a cinya. Aikin shi ne mu ɗebi jini kaɗan daga mutanen ƙauye, a aika waje a duba ko cutar ta taɓa ratsa jikinsu.

Kwana uku muna sintiri, ko ɗigo ba mu samu ba. Maza su gaishe mu cikin mutunci su wuce gona, mata kuwa ko fuskarsu ba mu gani ba. Mista Yohanna ya ce, "Akwai wata Mama a Wunti. In ba da ita ba, mai kawai muke ƙonawa."

Ranar da ta fara shiga motarmu, ƙafata ta fara kallo. Ta ce, "'Yar nan, da wannan ƙwas-ƙwas ɗin za ki kama ɓera?" Ta zaro silifas daga jakarta ta miƙo min.

Kullum da kwanon masa take zuwa, mai zafi, da yaji a ƙulle a leda. Direba ma yana da kasonsa.

Ita ta fara gane ina da ciki, tun kafin in gaya wa maigidana. Sai kawai ta mayar da ni kujerar gaba, ta ce wa direba ya riƙa jin tausayin ramuka, ta kuma daina ba ni yajin.

In na ɗaga wa yaran aiki murya sai ta bari mu keɓe, ta ce, "Dakta, rage wuta, tuwon zai kama."

To ga inda maganar take.

Ranar da aka tara matan ƙauyen da muke aikin, can Zungur, a wani gida, akwai wata tsohuwa, Iya Talatu, wadda duk matan ke jin maganarta. Ta ce babu mai dangwala hannu a takarda sai an amsa mata tambaya ɗaya: in an duba jinin, za a dawo a gaya wa kowacce abin da aka gani a jikinta? Anti ta miƙe. Ta fito har inda motar take ta leƙo ta taga.

Ta ce, "Dakta, kafin in buɗe baki. Za a dawo?"

Na ce, "Haba Anti, ai yana cikin fom, shafi na biyu."

Ta ce, "Ba fom na tambaya ba. Ke na tambaya."

Na ce za a dawo.

Ta koma ta ce musu amana ce, kuma a wuyanta take. Kafin la'asar akwatin sanyinmu ya cika. Ba don gidauniya suka miƙa hannu ba, ba kuma don digirina ba. Don ita suka miƙa.

Jini ya tafi waje, bayan watanni sakamako ya dawo cikin kwamfutata. Lambobi ne kawai, kuma bisa ƙa'idar aikin ni kaɗai ke riƙe da takardar da ta haɗa kowace lamba da sunan mai ita. Babu ma wani abin tashin hankali a ciki. Wasu cutar ta taɓa kama su ta wuce ba su sani ba, wasu babu komai. Magana ce ta yini ɗaya: a zauna da kowacce, a gaya mata nata, a ja musu kunne kan rufe abinci da shanya a ƙasa.

Mun sa makon ƙarshe na aikin don komawa. Sai ga imel, masu tallafin suna gayyatata taro a ƙasarsu a wannan makon, in gabatar da abin da muka gano. Na tafi. Wasunku ma sun yi min layik a hoton, ina cikin ƙatuwar rigar sanyi ina murmushi. Kafin in dawo an rufe aikin, an karɓe farar motar, hankalin gidauniyar ya koma kan wata cutar a wata ƙasar.

Na daɗe ina fakewa da wannan. In an tambaya sai in ce ai tallafi ya ƙare. Ƙarya nake yi wa kaina. Zungur ba bangon duniya ba ce, kuma motata taya huɗu gare ta kamar ta kowa.

Anti ta riƙa kira. Ba kullum ba, ba ta da naci. Ta gaishe ni, ta tambayi yarinyar da na haifa, can a ƙarshe ta ce, "Dakta, matan nan fa suna tambaya." In ce ɗalibai na jarrabawa. In ce damina ce, hanya ta lalace. In ce bayan Sallah. Sallah nawa aka yi, Allah ne shaida.

Wata rana ta ce, "To ki ba ni takardun, ki koya min abin da zan ce, ni in kai musu." Na ce ƙa'ida ba ta yarda in ba wani sunayen ba. Wannan ƙa'idar na tuna da ita sarai. Ta shafi na biyu ce ta ɓace min.

Shekara uku.

A can kuwa magana ta fara yawo, wai an sayar wa Turawa da jinin, wai Anti ta samu rabonta. Wata ta yi ɓari aka ce tun ɗiban jinin nan ba ta sake jin daɗin jikinta ba. Anti ta je wani suna a dangin mahaifiyarta, tana sallama wata ta ce, "Ga mai jini ta zo." Daga ranar ta daina zuwa. Ba ita ta gaya min ba, Mista Yohanna ne. Kun san abin da na ce? Na ce ƙauyanci ne, zai wuce. Wallahi ina rubuta wannan ina jin kunyar kaina.

Ganina da ita na ƙarshe wata ɗaya ke nan.

Sabon tallafi ne ya fito, wanda ya fi na farko girma, na shirin ko-ta-kwana kan annoba, kuma masu bayarwa suna son wuraren da aka taɓa aiki. Yaranmu suka je ƙauyen, tun daga bakin gari aka juyo da su. Sai na tuna ina da Anti. Na sayi lemo da turmin atamfa na nufi Wunti.

Na same ta a tsakar gida kan tabarma tana tsinke zogale. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Da ta gan ni fuskarta ta washe, idonta ya sauka kan jakata.

Ta ce, "Kin kawo?"

Na ce, "Anti, wani sabon aiki ne ya fito."

Ta mayar da kai kan zogalenta. Na yi ta zuba bayani, yadda aikin zai taimaki jiha, yadda in wata annoba ta taso mu ne za mu fara gani. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Da wane baki zan koma, Dakta? Ni baki ɗaya Allah ya ba ni, kuma na riga na yi musu magana da shi."

Na ce ai za mu haɗa ne, in sabuwar mota ta iso sai mu tafi da tsohon sakamako da sabon fom lokaci guda. Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Wato sai kina son sabon jini za ki ba da labarin tsohon."

Na ji haushi. E, haushi na ji, ni da ya kamata in nutse a ƙasa. Na ce ina da mitin, na miƙe. Duk da haka sai da ta sa aka ƙulla min daddawa da kuka, ta dafa bango ta rako ni har zaure, ta ce in shafa mata kan yarinya. Ban sake kiran ta ba, ina jira in huce.

Yau da na shiga gidan, cikin mata ya cika maƙil. Can jikin bango wasu matan ƙauye sun jeru, ashe tun da safe suka cika a-kori-kura suka taho. Wata tsohuwa a cikinsu tana yi wa Hauwa, babbar 'yar Anti, gaisuwa. Da na ji an kira sunanta na gane Iya Talatu ce.

A nan na ji cewa mako biyu da suka wuce Anti ta sa Hauwa ta ɗaukar musu keke napep har ƙauyen. Da ƙafafun nan nata ta bi gida-gida, duk inda aka ɗebi jini. Abin da take cewa ɗaya ne: "Na ɗauki amanarku ban sauke ba, ku yafe min." Suka ce ta faɗa musu wanda ya riƙe takardun. Ta ce, "Ni na yi muku alkawari, ni za ku riƙe."

Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba.

Iya Talatu ta ce, "Mun yafe mata duniya da lahira. Sai dai har ta koma ga Allah ba mu san abin da aka gani ba. Biyu a cikinmu ma sun riga ta tafiya."

Ban san lokacin da na ja gwiwa na isa gabanta ba. Na ce, "Iya, ba laifinta ba ne. Takardun suna wurina. Ni na ƙi zuwa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar wace ce?"

Ba ta san ni ba. Ina za ta san ni? Sunanta, shekarunta, yawan 'ya'yanta, abin da ke cikin jininta, duk suna wurina shekara uku, ita kuwa ba ta taɓa ganin fuskata ba.

Na ce mata ranar Asabar zan zo da kaina, da takardar kowacce. Ta ce, "To." Ban ga laifinta ba.

Na gaya wa Mista Yohanna babu allurar da za ta taɓa hannun kowa a sabon aikin nan sai na gama wannan, masu tallafi su jira ko su fasa. Na san ba wani abin yabo ba ne. Aikin yini ɗaya ne da ta yi shekara uku tana roƙona, kuma zan yi shi ranar da ba za ta gani ba.

Don Allah, duk wanda ke da dangi a yankin Zungur, ko ya taɓa jin an jefe ta da waccan magana, ya isar min da wannan: Anti Mairo ba ta sayar da jinin kowa ba. Gaskiya ta faɗa musu, ni na mayar da ita ƙarya.

Ya Allah, ga baiwarka Maryam ta zo gare ka. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta, ka sa duk jaririn da ta karɓa a hannunta ya zama nauyi a mizaninta. Ka sauke mata amanar nan daga wuyanta, ka san inda take. Ka ba Hauwa da ƙannenta haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku ku sa ta a addu'a a sallarku ta gaba, ku kira sunanta. In kun gama, in da saura, ku roƙa min ta yafe min, don ni ban samu na roƙe ta ba.