Igiyar da Aka Ɗaure Ƙafar Sista Ladidi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Agusta, 2024, Allah Ya karɓi ran Sista Ladidi Tukur, babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitin ƙauyenmu a ƙasar Bunguɗu, kwana biyu bayan kububuwa ta sare ta a gonar gyaɗarta.

Sista, ni ce Hussaina, wadda kika koya wa neman jijiya a hannun jariri. Shekara goma sha ɗaya asibitinmu ba likita. Tun da kika dawo daga ƙaro karatu, ke ce mai duba mara lafiya, ke ce mai rubuta magani, abin da ya fi ƙarfinki ki tura Gusau da takarda. Har daga Bilbis ta ƙasar Tsafe mata ke zuwa awo wurinki. In muka yi sakaci mu sha faɗa, kafin a tashi kuma kin dama mana fura.

Duk damina sai kin bi rugage da majalisu kina cewa saran maciji ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, asibiti ake kawowa. Manu makiyayi na tafiya da ƙafafunsa biyu yau saboda ya ji maganarki.

Ashe gidanku ne ba a ji ba. Mijinki ya yi tafiya, sai wansa, Malam Labbo, ya ɗaure ƙafarki da igiyar akuya, ya kira mai tsaga. An ce kin yi ta roƙo a kai ki asibiti, jini na fita ta dasashinki. Ya ce, "Ke fa nas ce, ba likita ba." Ya karɓe wayarki, ya rufe ɗaki, wai idon mutane na tayar da dafi. Ni kuwa ina asibiti, tafiyar minti goma, ban sani ba, da allurar saran maciji a firji wadda ke da kanki kika ajiye.

Ni na kwance igiyar wurin wankan gawarki. Ta nutse cikin nama. Wallahi ban huce ba.

Ranar addu'ar uku Malam Labbo ya sa aka kira ni zaure, ya miƙo hannu in auna masa jini, ko kunya babu. Na auna, domin abin da kika koya mini ke nan.

Allah Ya jiƙan ki, Sista, Ya haskaka kabarinki, Ya ba mijinki da 'ya'yanki haƙuri. Kai ma, Malam Labbo, ina maka ta'aziyya. Allurar na nan a firji. Ranar da kububuwa ta sari naka ɗan, ka kawo shi, nas za ta duba shi.