Uwar Kati da Fayil Ɗin da Bai Fita Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa asibiti, kafin masu shara su gama goge baranda. Ta buɗe kwaɗo biyu na ƙofar ɗakin kati, ta kunna tsohuwar fankar da ba ta iya komai ba sai ƙara, sannan ta bi kantoci layi-layi tana shafa bayan fayiloli da yatsa, tana duba ko akwai wanda ya kwana a waje. Sai ta tabbatar kowanne ya koma gurbinsa take ɗaga murfin taga, ta dubi na farkon layi ta ce, "Sannu da jiki. Miƙo katin."

Haka ta yi shekara talatin da biyu. Uwar Kati ma'aikata ke ce mata, har wasu sabbin nas-nas suka ɗauka wata 'ya gare ta mai wannan suna. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, ba ta taɓa karɓar haihuwa ba, ba wanda ya taɓa rubuta mata wasiƙar yabo. Amma duk abin da mutum ya ɓoye wa mahaifiyarsa ya faɗa wa likita, a ɗakinta yake kwana. A watan nan ta ajiye aiki, a matakin albashin da aka daskarar da ita a kai shekara goma sha ɗaya. Wannan ne abin da ke ƙona rai, kuma shi ya sa ba za a yi shiru ba.

Kowa ya san halin da ake ciki, kada mu yaudari kanmu. Ka je asibiti da larurar da ko matarka ba ka gaya wa ba, kana zaune a benci sai ka ji an kwaɗa kira daga ƙarshen baranda, "Ina mai ciwon sanyin nan na jiya?" Wata ma'aikaciya ta ɗauki hoton sakamakon gwajinka da waya ta tura wa ƙawarta, wai ta taya ta mamaki. Kafin ka isa gida labarinka ya riga ka, har an ƙara masa gishiri. In ka yi magana a ce ai ba da wata manufa aka yi ba. To da wace manufa ake tsiraita mutum a tsakiyar jama'a?

Uwar Kati ba ta cikin wannan. Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya ta taɓa ɗauke mata ƙafa wata biyu cur, don kawai ta tambaye ta me ke kai maƙwabciyarsu asibiti duk Talata.

"Yaya, ni ce fa," in ji ƙanwar.

"Ai na gan ki, ban makance ba. Ki je ki gaishe ta, in ta ga dama ta faɗa miki da bakinta."

Makaminta guda ne, wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ke kan teburinta. Duk fayil ɗin da zai fita daga ɗakin, sai mai ɗauka ya rubuta lambarsa, ya rubuta sunansa, ya rubuta dalili, ya sa hannu. Likitoci sun yi ta mita, wani ma ya ce shiga ɗakin tiyata ya fi karɓar fayil a hannunta sauƙi. Ta ce ta ji, ga biro.

Abin da ya jawo mata ya faru ne a kan wata malamar makaranta. Malamar ce da kanta ta ce a ba da labarin, in ba haka ba da ba wanda ke da hurumin bayar da shi. Mijinta ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da yara biyu, kuma bayan rasuwar ta shiga wani hali, ba ci, ba barci, ba magana. Aka kwantar da ita mako uku a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Ta sha magani, ta warware, ta koma aji tana koyarwa, tana zuwa ganin likitarta duk wata.

Sai wan mijin ya ce yaran ɗan'uwansa ba za su tashi a hannunta ba. Bai nufi kotu ba, don ya san alƙali zai kira likita, likita kuma za ta ce matar nan garau take. Taron dangi ya kira ranar Asabar. Abin da yake so shi ne takarda ɗaya tak daga fayil ɗin, wadda aka rubuta a makon farko lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa, ya karanta ta a gaban surukai da iyaye, kunya ta sa malamar ta saki 'ya'yanta ba tare da gardama ba. Ga shi kuma yana cikin kwamitin da ke kula da asibitin, sakataren asibitin abokinsa ne tun suna makaranta.

Ranar Laraba da hantsi aka aiko kiran Uwar Kati ofishin Sakatare, aka ce ta zo da fayil mai lamba kaza. Ta duba lambar, ta ga ba ranar ganin likitar mai shi ba ce. Ta bar fayil ɗin a gurbinsa, ta kulle ƙofa, ta rungumi littafinta ta hau bene. Mai sharar da ke goge tagar ofishin a lokacin ta ga komai, kuma har yau in tana ba da labarin sai ta ajiye tsintsiya.

"Ina fayil ɗin?" in ji Sakatare.

"Yana nan lafiya, ranka ya daɗe. Wa zai ɗauka?"

"Ni na ce a kawo."

"To madalla." Ta buɗe littafin a gabansa, ta ɗora biro a kai. "Ga wurin suna, ga wurin dalili."

Wan mijin, wanda ke zaune a kujerar gefe, ya yi dariya. "Baiwar Allah, matar ƙanena ce fa. Maganar cikin gida ce, dubawa kawai zan yi in mayar."

"Ranka ya daɗe, in ta gida ce ai ta zo da sauƙi. Ka zo da ita ta ce a ba ka, ko ka kawo takardar kotu."

Sakatare ya buga tebur. "Ke kin san da wa kike magana kuwa? Ni ne shugabanki a gidan nan!"

"Shi ya sa na kawo maka littafin har ofis, ban ce ka sauko ba. Ka rubuta cewa ka ba wan mijinta ya karanta, ka sa hannu, in kai wa likitarta ta gani."

Uwar Kati ta tsaya a inda take tana jira. Tana da yara a makaranta, mijinta ya daina aiki, ta kuma san abin da mutumin nan zai iya. Sakatare ya ɗauki biron ya juya shi, ya sake juya shi, ya ajiye. Mutumin da ke sa hannu a takarda hamsin kullum, ranar hannunsa ya ƙi motsi.

"Fita," ya ce. "Daga gobe ba ke ce a ɗakin kati ba."

Ta san gobe wani za a zaunar a kujerarta, wanda ba zai tambayi kowa dalili ba. Tana sauka ta ɗauki fayil ɗin ta wuce kai tsaye wurin likitar malamar, wadda doka ta ba ta damar riƙe shi. Ta gaya mata abin da ya faru. Likitar ta rubuta sunanta a littafin, a wurin dalili ta rubuta "kulawa da mara lafiya", ta sa hannu, ta jefa fayil ɗin a durowarta ta murɗa makulli. Washegari ta kira malamar ta sanar da ita an nemi fayil ɗinta, don haƙƙinta ne ta sani. Ranar Asabar wan miji ya je taro hannu rabbana, ya yi ta zuba ba shaida, har wata gwaggonsu ta ce ya zauna ya ishe su. Yaran suka kwana a ɗakin uwarsu.

Ita kuwa Uwar Kati, aka tura ta sito tana jera bokitai da zannuwan gado shekara biyu. Aka saka mata takarda a nata fayil ɗin cewa ba ta da ladabi ga na gaba. Ko da aka canza Sakatare aka dawo da ita, don ɗakin kati ya rikice har ana ba mai ciwon ido fayil ɗin mai jego, takardar nan tana nan, duk lokacin ƙarin girma sai a zaro ta. Waɗanda ta koya wa aiki suka wuce ta tana kallo. Wanda ya nemi tona asirin uwar marayu yana nan ana ba shi kujerar gaba a taro, wadda ta rufa shi kuma aka ce ita ce mara ladabi. Wallahi abin kunya ne, kuma kunyar ba tata ba ce.

Uwar Kati, ke ce kika tsaya ranar da masu manyan kujeru suka sunkuyar da kai. Ke ce ƙofar da ba a buɗewa da tsawa. Mutane dubu nawa ke yawo a gari da mutuncinsu, ba su ma san a hannunki suka bar shi ba?

Ranar sallamarta an jera kujerun roba a baranda, mutum bai fi ashirin ba. Ana shirin tashi wata mata ta miƙe daga baya, da wani saurayi dogo a gefenta da budurwa sanye da kayan makarantar koyon jinya. Malamar ce. Ta ba da labarin tun daga farko, ba ta rage komai ba, har mako ukun da ta yi a kwance. Ta ce, "Waɗannan da kuke gani, ita ta bar mini su." Mai sharar nan ta hau shessheƙa.

Wani matashin likita ya matsa kusa da Uwar Kati ya ce a hankali, "Mama, ashe haka aka yi? Me aka rubuta a takardar da har yake nema haka?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, ita ta ba da labarinta, nata ne. Ni ban ce maka ta taɓa zuwa asibitin nan ba."

Mun gode, Uwar Kati. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira, ya sa ki ci moriyar hutunki da lafiya. Ku kuma da kuka rage a tagogi da ɗakunan gwaji da teburan nas, kun dai gani da idonku ana iyawa. Gobe wani zai sunkuyo ya ce muku shi ɗan'uwa ne, dubawa kawai zai yi. Ku tuna akwai yaran da inda za su kwana ya rataya a kan amsar da za ku ba shi.