Gyaɗar da Na Tsince wa Bilkisu

Bilkisu jikata ce, 'yar Ja'afaru, a ɗakina ta tashi a Ƙofar Wambai, cikin hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli. Tun tana 'yar shekara bakwai ba ta ganin abu mai waya ta ƙyale shi. Rediyona biyu ta kwance. Ɗaya ta mayar, ɗayan Allah ya jiƙansa.

Da ta shiga jami'a ta ce karatun ƙera mutum-mutumi za ta yi, inji ne da ake koya wa aiki, ya gani, ya ɗauka, ya ajiye. Na ce wa zai ɗauke ki aiki da wannan? Ta ce masana'antar siminti suna nema, da asibitoci masu manyan na'urori, da masu ƙaramin jirgin feshin gona. Na ce to, ni dai a gidanmu hannu muka gada.

A shekara ta biyar kowane ɗalibi sai ya ƙera abu ya nuna kafin a ba shi digiri. Ita injin tsintar gyaɗa ta yi. Gyaɗa na tafiya a kan bel, wata shimfiɗa mai juyawa, kyamara na kallo, wani ɗan hannun ƙarfe yana ture ruɓaɓɓiya gefe. Wata uku ina ware mata mai kyau da marar kyau tana ɗaukar hoto, wai da haka injin yake ganewa. Ni da ban taɓa zama a aji ba, sai ga ni malamar ƙarfe. Ba wanda ban faɗa wa ba a unguwa.

Ranar nunin kuma wata Madam Felicia za ta zo daga kamfanin da ke fitar da gyaɗa da riɗi a Kano, injiniya ɗaya take nema. Bilkisu ta sa rai ƙwarai.

Ana gobe, ta kawo rabin buhun gyaɗa ta jingine a ɗakina, ta ce kada a taɓa, ta koma makaranta. Na leƙa. Ruɓaɓɓu, tsakuwa, wadda ƙwari suka huda! A kai wannan gaban manyan malamai a ce daga gidan A'i mai ƙuli ta fito? Na ɗauko faifai na tsince ta tas, na watsa wa kaji dattin, na ɗaure buhun yadda na same shi.

Da safe ta zo ta ɗauki buhun, na ci ado na bi ta. Aka kunna inji, gyaɗa ta yi ta wucewa, hannun ƙarfe ko motsi. Malaminta, Dokta Gbenga, ya ce, "Bilkisu, ya lalace ne?"

Ta damƙi gyaɗar ta duba, ta juyo a hankali.

"Dada, me kika yi?"

"Gyara na yi miki."

"Dattin ne jarrabawar, Dada!"

Dokta ya yi dariya har da riƙe teburi, ita kuwa idonta ya cika. Ya ce sauran ɗalibai su fara, amma Madam ƙarfe sha biyu za ta kama hanyar Kano.

Na tari keke sai kasuwar Muda Lawal, rumfar Sabitu mai gyaɗa. Na ce ya ba ni mafi lalacewar da yake da ita.

"Inna A'i, ke da kike dawo mini da buhu saboda ƙwaya uku? Tsufan ne ya zo?"

"Ɗan nan, na san a wurinka ba zan rasa ba, shi ya sa ban tsaya ko'ina ba. Share mini ƙasan rumfa."

Na dawo ina haki da kwano biyu a leda. Aka zuba, hannun ya shiga aiki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza ta samu tsaba. Madam ta ce tunda ni ce gwanar, in duba wadda injin ya wuce da ita. Na baza a tafi, na ga ruɓaɓɓu biyu. Mai hankali da ta yi shiru. Ni na ɗaga su sama kowa ya gani.

Bilkisu ta runtse ido. Madam ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Biyu kawai a wannan shara? Mama, ko ma'aikatana ba sa tsinta da kyau haka." Ta ce wa Bilkisu ta same ta a Kano bayan bautar ƙasa.

Yau injuna shida ne a hannunta, maza suna ce mata Injiniya. Amma sati biyu ta yi a lokacin ba ta ce mini komai sai ina kwana, kuma ban ga laifinta ba.