Tashar Bayan Kicin

Ranar Asabar ce, hutun da na gama aji biyar na firamare, lokacin sabuwar doya. Mama ta zaunar da ni ɓarar gyaɗa a bayan kicin ɗinmu a Bukan Sidi, ni kuwa na ɗauko tsohuwar rediyon Baba, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba, ina murzawa da babban yatsa. Na wuce waƙa, na wuce labarai, na kai can ƙarshen layi inda ba komai sai shuuu. Kawai sai na ji tari, tarin da na sani. Oga Sule ne, ɗan hayarmu mai kai sifika wurin biki, yana ce wa ƙaninsa, "Zakaran mai gida ai ni na taka da mashin. Na sa a buhu, a Agyaragu muka sha farfesu." Kwana uku kenan Baba yana neman zakaran nan har cikin kwata.

Lokacin ban san makirfo marar waya yana watsa magana kamar ƙaramin gidan rediyo ba. Ashe in Oga ya gama gwajin "wan-tu, wan-tu", sai ya ajiye shi kan tebur a kunne. Ni dai na samu tasha tawa ni kaɗai. Na ƙulla wayar shanya a eriya, na ɗiga jan farce daidai wurin. Ina dawowa daga islamiyya, na share tsakar gida, na cika randa, ko 'yar gala-gala ba na tsayawa, sai bayan kicin. Matsalar, bakina ba linzami. A layin famfo na fesa wa ƙawata Rahila, ta fesa wa yayarta, kafin Litinin zance yana kunnen Baba.

Oga ya sha kunya, ya kawo wani zakaran, sannan ya shiga neman munafuki. Ya toshe ramin makulli da tsumma, ya manna kwali a taga, ya hau kujera yana leƙa silin. Ya koma yin raɗa, amma kusa da teburin, sai ma na fi jinsa garau. Da labari na biyu ya fita, wai doyar da yake rabawa yana cewa ta gonarsa ce a kasuwa ya saya, sai ya nuna Maman Blessing. 'Yar hayarmu ce 'yar ƙabilar Eggon mai sayar da kunu, bango ɗaya ya raba ɗakinta da nasa. Ita ke min kitso ran Lahadi in ta dawo coci, tana ce min "'yata". Mata suka fara yin shiru in ta fito shanya. Mama ta daina aike na karɓo kunu. Kowa na kallon kowa ta gefen ido, har Baba ya ce, "Ba na zama da mai kasa kunne a gidana." Ya ba ta zuwa ƙarshen wata.

Gaskiya na yi shiru har kwana huɗu, tsoron bulala. Ran Alhamis na tarar da ita tana cusa tukwane a buhu. Baba yana alwalar la'asar, na ajiye rediyon a gabansa, na murza zuwa jan farcen, na ƙure murya. Oga yana ciki yana raɗa, "Matar nan ko numfashi na yi tana ji." Duk tsakar gida aka ji. Da ya ji muryarsa a waje, ya fito da makirfon a hannu, ya ce "halo", rediyon ta ce "halo". Baba ya kalli rediyo, ya kalle ni. Maman Blessing ba ta yi faɗa ba. Da irin Hausarta ta ce, "Bibi, kai ne? Kai ka bari na ɗaure kaya?"

Na sha bulala, rediyo ta shiga akwati. Baba da kansa ya ba ta haƙuri, ta kwance buhunta. Sai dai daga ranar kitsona ya koma hannun Mama, kuma "'yata" ya koma "Bibi". Bayan shekara biyu ta tashi zuwa Shabu.

Yanzu ina jami'a, da wata 'yar na'urar kama tashoshi mai kama da filash da nake soka wa laftof. Jiya da rana na cafko muryar matuƙin jirgin sama yana wucewa ta saman Lafia, wallahi sai da na taka rawa a hostel, 'yan ɗakinmu suna cewa Bibi ta zare. In sababbin shiga suka tambaye ni a guruf ɗinmu na masu kama tashoshi wace eriya za su saya, nakan rubuta musu cewa su fara koyon kama baki. Ina iya zagaye ɗaruruwan tashoshi kafin shayi ya huce. Muryar da nake so ta sake ce min "'yata" ce har yau ban kamo ba.