Dattijon da Munka Kira Lami

Jiya a bakin kanal, hanyar ruwan gonakinmu nan Goronyo, maƙwabta biyu sunka ɗaga wa juna fartanya kan layin ban ruwa. Sai na tuna Baba Isa, dattijon da ke raba muna ruwa a da.

Ranar zaɓen mai rabon ruwa, ƙanena ɗan jami'a ya ce Baba "bland" ne.

Na ce, "Mi ke nan?"

"Lami. Ba gishiri, ba yaji, ko tsawa bai iya ba."

Munka yi dariya, munka bar Baba, munka zaɓi wani mai zafi.

Jiya da yamma na iske Baba cikin gonar albasarshi, na ba shi labarin rigimar. Ya ce, "Ɗana, in mai rabon ruwa ya yi zafi, wa zai kashe wutar?"

Ashe sanyin da munka raina shi ke riƙe da mu. Ku fa, wa kunka taɓa rainawa don sanyinshi?