Muttaka Biyu, Suna Ɗaya

Muttaka Haruna mutumin Gumel ne, mai gadi a wani kamfani a Doha. Shekara shida yana tsaye a bakin ƙofa, bai taɓa makara ba. A ɗakinsu na unguwar Mansura akwai wani Muttaka Haruna, ɗan Birnin Kudu, shi ma mai gadi a kamfanin. Ejan ɗaya ya kawo su, kuma ragon banza, duk ya rubuta musu ranar haihuwa ɗaya ga Janairu, shekara ɗaya. 'Yan ɗaki suna ce wa na Gumel Dogo, na Birnin Kudu kuma Gajere.

Korona ta ɗauke Gajere cikin kwana tara. Dogo ko gawar bai gani ba. Ya yi kuka, ya kwashe kayan marigayin, ya koma bakin ƙofa.

Da gasar cin kofin duniya ta gabato, kamfanin ya ce wanda bai samu katin shiga filin wasa ba, aikinsa ya ƙare. Kowa ya samu, ban da Dogo. Ma'aikacin ofis ya juyo masa da kwamfuta: lambarsa ce, hotonsa ne, an rubuta ya rasu.

"Ga ni tsaye a gabanka!"

"Khalas, magana ta ƙare, an rufe rajista," in ji mutumin.

Ya kira Sakinatu, 'yar yayarsa mai karatun rubuta manhaja a jami'a.

"Kawu, na san irin wannan kuskuren," ta ce. "Tambaya biyu ake yi wa kwamfuta. Ko dai a ce, waɗannan sun yi daidai? Ko a ce, wannan shi ne wancan? Ina jin ta farkon aka yi mata. Da aka ce ta cire mamaci, sai ta duba suna da ranar haihuwa, ta cire wanda ta fara tararwa."

"To a gyara mana!"

"Layi ɗaya ne a manhajar za su gyara, Kawu, wallahi layi ɗaya."

Amma wa zai saurari mai gadi ana saura sati uku gasa? Ya yi zarya har ƙafarsa ta kumbura. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ƙarshe dai tikitin gida aka miƙa masa.

Ranar tafiya ya tsaya gaban allon sanarwa, jaka a hannu. An liƙa jerin masu aikin ranar buɗe gasa. Ƙofa ta bakwai, Muttaka Haruna, da lambar Gajere, mutumin da ya shekara biyu a ƙasa.

Shugaban masu gadi ya leƙo, ya buga takardar da yatsa.

"Yalla, maza, in ka san shi, ka ce masa kada ya makara."